Gara ce ke kashe dashen itatuwa, ko tarar da shi take yi ya riga ya jikkata?

Dashen_Damina:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga malaman daji da masu lambu. Duk shekara ana raba dashen turare, dalbejiya, maɗaci da mangwaro a watan Yuli, a dasa, su yi kore shar har ƙarshen damina. Daga Nuwamba zuwa Maris sai su riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya. In aka tumɓuke wanda ya mutu, sai a tarar gara ta rarake saiwar. Wasu na cewa ita ce ta kashe, a zuba magani a rami tun ranar dashe. Wasu kuma na cewa gara ba ta cin mai rai. Wanne ne gaskiya? In magani ne, wane iri, kuma yaushe?

MalaminDaji_Samaru:
Wa alaikumus salam Malam. Kowane ɓangare da tasa gaskiyar. Yawancin nau'o'in gara ba ruwansu da itace mai rai, busasshen kara da kashin shanu da ganyen da ya zube suke bi, kuma ramukansu ne ke sa ruwa ya ratsa ƙasa. Amma akwai masu noma naman gwari a cikin gidansu: Macrotermes mai gina babban suri, da Odontotermes, da 'yar ƙaramar nan Microtermes wadda ba ta gina suri sam. Waɗannan suna cin saiwar dashe da ransa, musamman turare a shekara biyun farko. Ɓarnar ta fi yawa bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ƙasa ta bushe, ɗan danshin da ya rage yana gindin dashen.

Kada a yanke hukunci da wanda ya riga ya bushe, don ko me ya kashe shi gara za ta zo ta ƙarasa. A nemi wanda ya fara yaushi bai mutu ba, a tono shi a hankali da saiwarsa, a wanke. In ɓawon ya ɗaye a zagaye ɗan ƙasa da doron ƙasa, itacen ciki fari tas, ga laka a manne ko a cikin saiwar, gara ce ta fara. In saiwar ta yi baƙi ta yi laushi, ɓawon na saɓulewa a hannu yana wari, ruɓa ce daga kwanciyar ruwa. In kuwa uwar saiwar ta naɗe kamar gammo, to tun a leda aka gama da shi, rani ya tona asiri kawai. A tono kamar goma daga sassa daban-daban na filin kafin a sayi ko da kwalba ɗaya ta magani.

Hajiya_MaiReno:
Malam ya taɓo inda matsalar take. Naɗewar saiwa daga wajen reno take farawa. Turare da dalbejiya wata 3 zuwa 5 ya ishe su a ƙaramar leda. Duk bayan mako biyu ko uku a ɗaga ledojin a sauya musu wuri, a yanke saiwar da ta ɓullo ta ƙasa, in ba haka ba za ta kama ƙasa, ranar ɗauka a fizge ta da rauni. Saura mako uku ko huɗu a fitar da su, a rage ban ruwa a janye inuwa, su saba da wuya.

Ranar dashe a sa wuƙa mai kaifi a yanke gindin ledar kamar santimita 2 har da ƙasar da ke ciki, a nan naɗaɗɗiyar saiwar take. A tsaga ledar ta gefe a cire ta gaba ɗaya. Rami santimita 40 faɗi da zurfi ga itatuwan daji, 60 ga mangwaro. Inda kara ya haɗu da saiwa ya tsaya daidai da doron ƙasa, kada a binne shi. A danne ƙasar da ƙafa kada a bar kogo. Taki kuma sai wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin shanu mai haɗe da kara a cikin ramin dashe, kiran gara ne.

Sai lokaci. Dashen da aka kai Satumba ba a yi ba, saiwarsa ba za ta yi nisa ba kafin ruwa ya ɗauke.

Dan_Tawa:
Hajiya, a gafarce ni, akwai inda zan ɗan saɓa. A yankin Tawa, a faƙon da aka farfaɗo da shi da ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwan sama, da gangan ake zuba taki don a jawo gara. Ita ce ke huda faƙon, ruwa ya nutse maimakon ya gudu. Abin lura dai, a ba ta abinci nesa da kara. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko karan gero a zagaye, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da jikin dashen. Filin da aka share tas aka ƙone komai, ba abin da gara za ta ci sai dashen.

Hajiya_MaiReno:
Ba mu saɓa ba ɗan'uwa. Tassa ta gero da dawa ce, su ba sa daɗewa a ƙasa. A dashen turare, abincin gara a saman ƙasa nesa da kara na yarda, amma ba a cikin rami a jikin saiwa ba.

Sarkin_Noma_Jr:
Ni dai a ganina ana wahalar da kai. A da Gamalin ake zubawa a rami, shi ke nan. Wanda bai samu ba ya shafa baƙin mai a gindin, gara ba ta hawa.

Injin_Feshi:
@Sarkin_Noma_Jr ranka ya daɗe, waɗannan biyun duk a bar su. Sinadarin da ke cikin Gamalin, wato lindane, an sa shi cikin haramtattu a yarjejeniyar Stockholm, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan sinadarai masu guba, a 2009, aldrin da dieldrin kuwa tun farkon yarjejeniyar a 2001. Suna daɗewa a ƙasa shekara da shekaru, su shiga ruwan rijiya da nonon dabba. Baƙin mai kuma yana ƙone ɓawon ƙaramin dashe, ya ja zafin rana, kuma garar da ke kashewa ta ƙarƙashin ƙasa take zuwa, ba ta buƙatar hawa kara.

In binciken da Malam ya ce ya nuna gara ce, abin da ake amfani da shi yanzu shi ne mai fipronil ko mai imidacloprid. Hanya mafi arha ita ce a jiƙa ƙasar cikin leda da haɗin maganin kwana ɗaya ko biyu kafin dashe, maganin ya tafi tare da saiwar. Fesa ganye ba ya taɓa gara, asarar kuɗi ce. Awo kuwa ƙarfin magani ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, a bi abin da ke jikin takardar, kada a ƙara don a ce ya fi ci. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a Nijar kuma a duba izinin kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel. Duka magungunan biyu suna kashe ƙudan zuma, don haka kada a zuba wa bishiyar da ke fure, kada a wanke injin a bakin tafki. A sa safar hannu da takunkumi.

Ummu_Lambu:
Ga wanda ba shi da kuɗin wannan: tunkuzar 'ya'yan dalbejiya, wadda ta rage bayan an matse mai. Cikin tafin hannu biyu a gauraya da ƙasar rami. Ko a daka ƙwayar 'ya'yan bayan an ɓare, rabin kilo a ruwa lita 10, ta kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan sa sabulu. A yi amfani da shi a ranar, da yamma, don rana na kashe ƙarfinsa. Korar gara yake yi ba kashewa ba, kuma ba ya daɗewa, sai an maimaita duk bayan mako biyu. Toka da ganyen tumfafiya ma ana sawa, wani wuri su yi, wani wuri gara ta bi ta kansu ta wuce.

Akwai kuma dabarar tukunya. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da totuwar masara, a yayyafa ruwa, a kife ta a inda gara ke fitowa. Da sassafe a ɗaga a zazzage wa kaji da 'yan zabi.

Dan_Ɗorawa:
Tunda ana maganar kare itatuwa, ku bar ni in sako kauci. Ana ta kallon dashe, manyan bishiyoyin gona kuwa, kaɗanya da ɗorawa da lemo, kauci na shanye su. Tsuntsu ke cin 'ya'yansa, ƙwayar mai danƙo ce, ta manne a reshe, ta tsira, ta soka saiwarta cikin itacen tana shan ruwan bishiyar. Reshen da ke gaba da shi ya fara ramewa, 'ya'ya su ragu, ƙarshe ya bushe. Fizge ganyen kaucin ba ya komai, zai sake tofowa daga kumburin. Reshen ake yankewa, aƙalla santimita 30 ƙasa da kumburin, ta wajen gangar bishiya. A yi shi da rani lokacin da bishiyar ta zubar da ganye ana ganin kaucin sosai, kuma kafin ya yi 'ya'ya. Babban reshe a fara ɗan sara ta ƙasa, sannan a yanke ta sama, kada nauyinsa ya yage ɓawo. In maƙwabta ba su yanke nasu ba, tsuntsu zai dawo da shi, don haka aikin gayya ne.

Baba_Magori:
Kauci dai magani ne, a riƙa tunawa da masu nemansa. Wanda aka sare a ba su, ba sai an ƙone ba, ba ya tsira a ƙasa.

Binta_Suga_Lambu:
Masu mangwaro ma su samu nasu. Tsutsar da ake gani a cikin mangwaro ba daga fure take ba, ƙuda ne. Akwai ɗan gida, Ceratitis cosyra, akwai kuma baƙon da ya zo daga Asiya, Bactrocera dorsalis, wanda aka fara gani a Kenya a 2003, ya iso Afirka ta Yamma a 2004. Macen ke huda fatar mangwaro ta saka ƙwai, tsutsa ta ci naman, ɗan ya faɗo, ta shiga ƙasa ta rikiɗa, ta fito ƙuda. Baƙon yana yawaita da saukar ruwan farko, shi ya sa masu nuna a makare irin su Kent da Keitt suka fi shan wuya.

Matakin farko ba magani ba ne: a tsince duk wanda ya faɗo, aƙalla sau biyu a mako. A zuba a baƙar leda mai kauri marar huji, a ɗaure, a bar ta a rana kwana biyu zuwa uku, ko a binne a rami mai zurfin fiye da rabin mita. Tarkon gora mai sinadarin methyl eugenol mazan baƙon ƙudan kawai yake kamawa, yana nuna yawan ƙudan kuma yana rage barbara, amma shi kaɗai bai isa ba. Sai an haɗa da abincin tarko mai furotin da guba a ciki irin GF-120: lita 1 a ruwa lita 5 ya ishi hekta guda, ana fesa ɗan wuri a ganyen kowace bishiya, ba a kan 'ya'ya ba, duk mako, a maimaita in ruwa mai ƙarfi ya wanke.

Dashen_Damina:
Allah ya saka da alheri, duk ana ƙaruwa. Amma a dawo da ni kan dashe. Dalbejiya fa? Ana cewa ita gara ba ta taɓa ta, ga shi kuma ita ma tana mutuwa.

MalaminDaji_Samaru:
Dalbejiya ta fi turare jure gara nesa ba kusa ba, amma ba ta fi ƙarfin ciwo ba. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai sulke, Aonidiella orientalis, ya yi mata ɓarna a ƙasashen tafkin Chadi. Yana manne wa ganye da ƙananan rassa yana tsotsa, ganye ya yi rawaya ya zube. Sannan a 1990 aka fara ba da rahoton wani ciwon a Nijar, ya kuma bayyana a arewacin Najeriya: ganye ya zube, reshe ya tsaya tsirara sai ɗan tuntun ganye a can ƙarshensa. Masana sun bincika ba su kama wata ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifin ba, aka fi danganta shi da wahalar fari, taurin ƙasa da cunkoson dashe. Wato amsar ita ce dai ta farko, bishiyar da ta wahala ita ciwo ke kayarwa.

Abin tsoro a nan shi ne dogaro da iri ɗaya. Tun da aka kawo dalbejiya Borno a 1928 ta mamaye garuruwa, shingayen tare iska na kwarin Majiya a Nijar da aka fara a 1975 ma da ita aka yi yawancinsu. In ciwo ɗaya ya kama ta, layi guda zai tafi. A riƙa cakuɗawa da bagaruwa, aduwa, magarya, tsamiya da gawo.

Dan_Tawa:
Wannan shi ne amfanin sassaben zamani da ya bazu daga Maradi tun shekarun 1980. Kututturen sabara, kalgo ko gawo da ke gona yana da tsohuwar saiwa mai zurfi. A zaɓi tofo biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a yanke sauran, a sassabe ƙananan rassa har rabin tsayin kara, ana yankan daga ƙasa zuwa sama da lauje ko adda mai kaifi. Ba leda, ba ban ruwa, kuma gara ba ta kayar da shi yadda take kayar da turare.

Katako_Ɗanye:
Sassabe na da kyau, amma wanda ke son azara ko katako miƙaƙƙe dole ya dasa. Game da maɗaci: in aka ga kan dashen ya yi yaushi ya lanƙwashe, ga ɗan huji da garin kashin tsutsa a bakinsa, ba gara ba ce. Tsutsar wani malam-buɗe-littafin dare ce, Hypsipyla robusta, tana shiga cikin sabon tofo ta rarake. Ba ta cika kashewa ba, sai dai bishiyar ta yi rassa barkatai, katako ya lalace. Feshi ba ya kai mata don tana ciki. A yanke tofon har inda ramin ya ƙare a ƙone, in sababbi sun fito a bar guda ɗaya mafi miƙewa. Kada a dasa maɗaci zalla a fili ɗaya, a sa shi jefi-jefi cikin wasu itatuwa. Manyansa kuma masu ɗaye ɓawo don magani ke kashe su. In ɗayewar ta zagaye gangar, abincin da ganye ke haɗawa ba zai sauka ga saiwa ba, bishiyar ta mutu a tsaye. A ɗebi tsiri a tsaye ta gefe guda, a bar wurin ya warke.

Ummu_Lambu:
Wani abin da ake ɗora wa gara a banza shi ne ciwon ƙaro na lemo. Gindin ya riƙa tsatsafo da ƙaro, ɓawo ya tsage ya mutu, daga baya gara ta lulluɓe wurin da laka. Asalinsa wata ƙwayar cuta ce da ke samun hanya in ruwa na kwanciya a jikin gindi. A yi kwarin ban ruwa zobe biyu, na ciki ya tare ruwa kada ya taɓa gangar. Wurin aure, wato inda aka ɗaura reshen wani lemo a kan gindin wani, ya kasance sama da ƙasa da taƙi ɗaya ko fiye. In ya riga ya kama, a kankare mataccen ɓawon har a kai ga mai rai, a shafa haɗin Bodo mai kauri: kofa salfet kilo 1, farin laim kilo 1, ruwa lita 10. A narka kowanne daban a robar ruwa, ba a bokitin ƙarfe ba, sannan a zuba shuɗin ruwan kofa salfet cikin na laim ana juyawa. Na feshin ganye kuwa giram 100 da giram 100 ne a lita 10. A tsoma sabuwar ƙusa a ciki, in ta fito da jan tagulla a jikinta a ƙara laim, in ba haka ba zai ƙone ganye.

Injin_Feshi:
Ƙari kan na Ummu: wuƙa da almakashin da aka yi aiki da su a bishiya marar lafiya a tsoma su cikin bilic kashi 1 a ruwa kashi 9 kafin a taɓa ta gaba, a shafa musu mai bayan an gama don kada su yi tsatsa. Kuma ba kowane ƙwaro ake yi wa feshi ba. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ya addabi mangwaro a Togo, Benin da Ghana a shekarun 1980, wani ɗan mitsitsin zanzaro da aka kawo daga Indiya aka fara saki a 1987 ne ya karya shi, cibiyar binciken noma ta IITA ta yaɗa shi ƙasashe daban-daban. Feshin kan mai uwa da wabi yana kashe irin waɗannan mataimaka, ƙwaron ya dawo ya fi da.

Mai_Unguwa_Gabas:
Duk kun yi bayani, amma ku zagaya filayen dashen gwamnati da na makarantu a watan Fabrairu ku ƙirga. Akuya da gobarar daji sun fi gara kisa. Dashen da akuya ta gwaguye kansa sau uku, me ya rage masa? A kewaye kowanne da ƙaya ko kwandon kara mai tsayin mita ɗaya da rabi, amma turakun su zama na itacen da gara ba ta so, kuma kada kwandon ya jingina da dashen. A share hanyar tare wuta mai faɗin mita 5 zuwa 10 kewaye da filin a Oktoba, kafin ciyawa ta bushe ƙarau.

Dashen_Damina:
Na gode Mai Unguwa. To waɗanda suna ƙasa yanzu, an riga an dasa yadda aka dasa, ga rani ya shigo. Me za a yi musu? Kuma akwai suri biyu a gefen irin wannan fili, a fasa su?

Hajiya_MaiReno:
Ban ruwa mai nutsewa, ba yayyafi ba. Lita 10 zuwa 20 sau ɗaya a mako ga itatuwan daji, mangwaro sau biyu in zafi ya tsananta. Yayyafin kullum yana tsayar da saiwa a sama inda ƙasa ke zafi. Inda ruwa ke wuya a binne tulu marar fenti a gefen dashen a riƙa cika shi, a rufe bakinsa. A kankare duk lakar da gara ta ɗora a kara duk mako. Wanda saiwarsa ta naɗe ba shi da gyara, a yi masa alama a maye gurbinsa a farkon damina.

Sarkin_Noma_Jr:
Suri kam a fasa, a tono uwar a kashe. In ba uwa, ba gida.

MalaminDaji_Samaru:
Yallaɓai, wani lokaci yana yi, wani lokaci gidan ya sake naɗa wata uwar ya ci gaba. Kuma in Microtermes ce ke ɓarnar, ba ta da alaƙa da surin nan, gidajenta ƙanana ne a warwatse a ƙarƙashin filin. Malam Dashen_Damina ya duba girman garar da ke cikin saiwar. In manya ce masu jan kai irin zago, kuma mutuwar ta fi yawa a kusa da surin tana raguwa in an yi nisa, to daga can take. In 'yan mitsi-mitsi ne farare a cikin saiwar, mutuwar kuma a warwatse, fasa suri ba zai canza komai ba. Wanda ke kusa da Zariya ko Kano zai iya kai samfur a kwalba da ɗan sifirit tashar FRIN, wato cibiyar binciken daji ta Najeriya, a duba masa.

Dan_Tawa:
Ko an fasa, kada a zubar da ƙasar surin a bar ta. A farfasa a baza a wurin da yashi ya yi yawa, tana riƙe ruwa. Amma Malam, a ƙasa mai yashi zalla irin ta tudu, lita 10 a mako da Hajiya ta ce zai kai dashe watan Afrilu kuwa? A nan raba shi biyu ake yi, a zuba da yamma.